Me Kake Karantawa? Yadda Abokai Za Su Riƙa Ba Juna Shawarar Littattafai

Duk wanda ya taɓa kammala littafin da ya ratsa shi ya san zumuɗin da ke biyo baya. Ko gama rufe shi ba ka yi ba, ka fara neman wanda za ka fesa wa. Ka ɗauki hoton bangon ka tura wa abokai, ka ce lallai kowa ya nema. Su ce to, madalla, za a duba. Daga nan shiru kake ji. Bayan an kwana biyu ka tambaya, ka tarar babu wanda ya ko buɗe shi.

Da wuya laifin ya zama na littafin, kuma ba lallai ne abokan naka ƙyuya ta hana su ba. Matsalar ita ce shela ka yi, alhali shawarar littafi magana ce tsakanin mutum biyu. A 1931 wani masanin harkar laburare ɗan ƙasar Indiya, S. R. Ranganathan, ya fitar da ƙa'idoji biyar na wannan aiki. Biyu daga cikinsu suna cewa kowane mai karatu akwai littafinsa, kowane littafi kuma akwai mai karanta shi. Haɗa waɗannan biyun shi ne aikin aboki, kuma ya fi kowane ma'aikacin laburare damar yin sa, domin shi ya san mutumin, ya san abin da ke ba shi dariya da abin da ke hana shi barci.

Mataki na farko: faɗi abin da ke hannunka yanzu

Kafin ka ce wa kowa "karanta wannan", bakinka ya fara sabawa da faɗin abin da kai kake karantawa. Wanda aka ce wa ya karanta, aiki aka ɗora masa. Wanda aka ba labari kuwa yana da zaɓi, in ya ga dama ya matso, in bai ga dama ba babu wanda ya bi shi bashi.

Abu uku sun isa: sunan littafin da na marubucinsa, inda ka kai, da abin da yake yi maka. Misali: "Ina babi na 6 na wani littafi kan yadda aka gano allurar rigakafi. Na ɗauka zai yi nauyi, sai ga shi jiya har dare ya raba ban iya ajiye shi ba." Wannan ya fi hoton bango sau goma, domin mutum ya ji halin da littafin ya saka ka.

Kada ka jira sai ka gama. Hirar tsakiyar karatu ta fi armashi, tunda kai ma ba ka san inda za a ƙare ba. Kuma ka faɗi na gaskiya. In labarin soyayya ne mai sauƙi, ka ce shi ne; in littafin yara ne ka koma masa, ka faɗa. Ranar da ka mayar da hirar wurin baje kolin manyan littattafai masu nauyi, abokinka mai karanta ɗan ƙaramin labari zai ɓoye nasa, kuma ka rasa shi ke nan.

Kai ma kana da riba a nan. A 2006 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka rufe shi suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, waɗanda suka zaƙulo abin daga ka sun fi riƙe shi. Ba wa aboki labarin abin da ka karanta irin wannan zaƙulowar ce.

Mataki na biyu: tambayi mutumin, ka kuma saurare shi da gaske

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Tambayar "wane irin littafi kake so?" ba ta cika haifar da komai ba. Amsar da za ka samu ita ce "kowane iri, in dai mai kyau ne", ko kuma mutum ya ambaci abin da yake ganin ya dace a ji yana so. Tambayoyi biyu sun fi ta aiki. Ta farko: "Wane littafi ne na ƙarshe da ka kasa ajiyewa?" Ta biyu, wadda ni na fi dogara da ita: "Wanne ka bari a tsakiya, kuma me ya fitar maka da shi daga rai?" Mutane sun fi iya bayanin abin da ya gundure su. Wanda ya kasa faɗin dalilin da ya sa yake son littafi, zai zayyana maka dalla-dalla abin da ya sa ya tsani wani.

Yayin da yake magana, kada hankalinka ya tsaya kan jigon littafin kaɗai. Ma'aikatan laburare biyu a Amurka, Joyce Saricks da Nancy Brown, sun nuna tun 1989 cewa abin da ke riƙe mai karatu yakan wuce jigo, suka kuma ba abokan aikinsu wasu abubuwan da za su riƙa saurara a bakin mai neman littafi. Ga su yadda za ka yi amfani da su.

Akwai saurin tafiyar labari. In ya ce "kafin in ankara na gama", mai son gudu ne, babi gajere, abu na bin abu. In ya ce "na so yadda marubuciyar ba ta gaggawa", to mai son a zauna a kan abu ne. Akwai mutanen cikin labari: wani zai manta duk abin da ya faru, amma yana maganar tauraruwar kamar 'yar'uwarsa. Irin wannan ba ruwansa da ko labarin yaƙi ne ko na kasuwanci, shi dai a ba shi mutanen da zai damu da su. Akwai zubin labarin kansa, wato ƙulli da warwara, mai son a rikita shi sannan a fitar da shi. Sai kuma wuri da zamani da yanayi, mai son littafi ya ɗauke shi ya kai shi wata ƙasa ko wani ƙarni, ya ji kamar ya zauna a can.

Amfanin wannan shi ne yana hana ka kuskuren da ya fi yawa. Abokiyar karatunka ta ce ta ji daɗin wani labarin binciken kisan kai, sai ka tattaro mata duk labaran kisan kai da ka sani. Ashe abin da ya kama ta shi ne zaman doya da manja tsakanin mai binciken da mahaifinsa. Da ka saurara, da tarihin rayuwar wani da ya sha fama da iyayensa ka miƙa mata, ko da babu gawa ko ɗaya a ciki.

Sannan ka duba halin da mutum yake ciki yanzu. Wadda ta haihu kwanan nan ba ta da awa biyu a jere. Tana bukatar abin da za a iya ajiyewa a ɗauka ba tare da zaren ya tsinke ba, kamar tarin gajerun labarai. Wanda aka yi wa rasuwa, wani yana son littafin da ya fuskanci mutuwa kai tsaye, wani kuma ko kusa ba ya so. Ba za ka sani ba sai ka tambaya. Ɗalibin da jarrabawa ta tunkaro shi, a bar shi tukuna. Ka tambayi harshen da ya fi sakewa da shi, da kuma ko takarda ya fi so, ko waya, ko saurare.

In kuma abokin bai saba karatu ba sam, tambaye shi abin da yake kallo ko saurare, da batun da in an taɓo shi ba ya gajiya da magana. Daga nan za ka gane ƙofar shigarsa.

Mataki na uku: zaɓi guda ɗaya

Ɗaya tak. Jerin littattafai goma yana nuna yawan karatunka, amma yana barin abokinka a inda ka same shi, bai san ta ina zai fara ba. In zuciyarka ta kasa haƙuri, ba da biyu masu bambanci sosai ka ce ya ɗauki wanda ya fi kwanta masa.

Ka yi lissafin tsawo kafin ka miƙa. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara sakamakon bincike 190 a 2019, ya samu cewa babban mutum mai karanta Ingilishi a zuci yakan ci kalmomi kusan 238 a minti ɗaya a rubutun ilimi, 260 kuma a ƙagaggen labari. A wannan lissafin, littafi mai kalmomi 80,000 zai ci sama da awa biyar. Ga mai samun minti 20 kawai a rana, wannan ya haura mako biyu, kuma wanda ke karatu da harshen da ba nasa ba yakan fi haka jinkiri. Saboda haka duk littafin da ka ba mutum, wani yanki na rayuwarsa ka roƙa. Ga wanda ya daɗe rabonsa da karatu, fara da gajere. Daɗin kai ƙarshen littafi shi ke sa a nemi na biyu.

Wani abu kuma: littafin da ka fi so a duniya ba lallai ne ya zama na farkon da za ka bayar ba. Ajiye shi har sai ka gane mutumin sosai, domin in ya ƙi shi, zai yi maka zafi fiye da yadda kake zato.

Mataki na huɗu: faɗi dalilin da ya sa shi ka zaɓa wa

"Littafin nan ya yi kyau ƙwarai" ba ta motsa kowa. Abin da ke motsa mutum shi ne ya ji an tuna da shi: "Ka tuna ranar da kake ba ni labarin yadda ka bar aikinka na farko? Akwai wata a littafin nan da ta tsaya a irin wannan mararrabar. Ina karantawa kai nake ta tunawa." Jimla biyu ko uku sun wadatar.

Kada ka cika yabo. In ka ce babu kamarsa a tarihi, ka ɗaga shi inda ba zai iya kaiwa ba, mai karatu kuma zai shiga yana neman aibi. Gara ma ka faɗi rauninsa tun da wuri: "Shafuka 40 na farko suna jan ƙafa, amma daure ka kai inda suka bar gida." Wannan gargaɗin kaɗai yakan ceci littafi daga a yar da shi. Haka nan in akwai abin da ka san zai iya sosa wa mutumin rai, ko zagi, ko tashin hankali, ko abin da ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi, faɗa masa ya shiga da saninsa. Amana ce.

Batun fasa ƙwai, wato tona ƙarshen labari, akwai saɓani. Wani bincike da Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a 2011 ya nuna cewa masu karanta gajerun labarai ba su rasa jin daɗi ba don an gaya musu ƙarshen, har ma sun ɗan fi jin daɗin. Wasu binciken da suka biyo baya sun samu akasin haka. Ni dai ra'ayina, haƙƙin mai karatu ne ya isa ƙarshen da ƙafarsa. Ba shi labarin farkon da abin da ya tayar da rigimar, ka tsaya nan, sai in shi ya ce ka ci gaba.

Mataki na biyar: kai littafin hannunsa

Shawarwari da yawa a nan suke mutuwa, tsakanin "zan nema" da nemowar. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. In kana da shi, ba shi aro a ranar. In ba ka da shi, rubuta masa cikakken suna da na marubuci. In fassara ce, haɗa da sunan mai fassarar, domin littafi ɗaya kan samu fassarori da yawa, wata ta yi santsi wata ta yi tauri. Lambar ISBN da ke bayan bango, mai alƙaluma 13 tun daga 2007, ita ke nuna ainihin bugun da kake nufi.

Aro yana bukatar tsari, domin littafi ya sha shiga tsakanin aminai. Ku yanke ranar dawowa tun a wajen bayarwa, ko da wata guda ne, ka rubuta a wani wuri. Faɗi ƙa'idarka a fili: ana rubutu a ciki ko ba a yi, ana naɗe gefen shafi ko ba a yi, ana ba wani ko ba a bayarwa. Wanda rasa shi zai ɓata maka rai, kamar kyautar wani da ya rasu ko bugun da ba a samunsa yanzu, kada ka ba da shi aro kwata-kwata. Babu rowa a cikin wannan. In kai ne mai aron, mayar da shi ko ba ka gama ba in lokaci ya yi, in kuma ya lalace a hannunka, faɗa da bakinka ka sayi wani.

Akwai hanyoyin samun littafi kyauta ta halal. Project Gutenberg, wani laburaren intanet da Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, akasarinsu da Ingilishi. A shafin LibriVox kuma, tun 2005, masu sa kai ne ke karanta irin waɗannan littattafan suna naɗa don masu saurare. Abin da nake roƙo a bari shi ne tura kwafin sabon littafi da aka sata aka saka a intanet. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa, ƙasashe da dama ma sun mayar da shi 70. Ko babu doka, marubucin da ka ce kana ƙauna da cinikin littafin nan zai samu ƙarfin rubuta na gaba.

Mataki na shida: ba shi damar ajiyewa, sannan ka bi sawu sau ɗaya

Tun wajen miƙawa ka ce: "In bai karɓe ka ba, ajiye shi, ba zan ji komai ba." Kuma ka tabbata da gaske kake. Mutumin da ke jin dole ne ya gama don kada ya ɓata maka rai zai fara kauce wa littafin, daga baya ya fara kauce wa hirar, wani lokaci har da kai.

Nancy Pearl, fitacciyar tsohuwar ma'aikaciyar laburare a birnin Seattle, tana da wata ƙa'ida da ta yi suna: ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka bar shi. In shekarunka sun haura 50, cire su daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ɗan shekara 70 ke nan shafi 30 ya ishe shi. Ku ɗauki wannan a matsayin yarjejeniya tsakaninku, ta sauke wa kowa nauyi.

Bayan mako biyu ko uku ka taɓo maganar sau ɗaya. Kada ka ce "ka gama?", domin wannan tambayar malami ce. Ka ce "ina ka kai?" ko "ka haɗu da wance tukuna?" In ya ce bai fara ba, ka ce ba komai, ka canza magana. Littafi yakan yi shekara a kan kanta kafin ranarsa ta zo.

In kuwa ya karanta ya ce bai so ba, a nan ake gane mai ba da shawara na ƙwarai. Kada ka hau kare littafin, kada kuma ka ce bai fahimta ba. Tambaye shi a ina ya fita daga ransa. Amsar ita ce za ta gyara zaɓinka na gaba, kuma sau da yawa hirar littafin da kuka saɓa a kansa ta fi ta wanda kuka yi tarayya a so zurfi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mataki na bakwai: kai ma ka karɓa

Wanda kullum shi ke bayarwa, ba ya taɓa karanta abin da aka ba shi, a hankali za a daina sauraronsa. Karanta abin da abokinka ya zaɓa maka, musamman in irin wanda ba za ka taɓa ɗauka da kanka ba ne, ka koma masa da magana takamaimai: wane wuri ya tsaya maka a rai, wane ne bai gamsar da kai ba.

In kun yi yawa

Mutum huɗu zuwa takwas sun isa. In aka wuce haka, biyu ne za su riƙa magana saura na kallo. Hanya biyu ce. Ko dai kowa ya karanta littafi ɗaya a tattauna, ko kowa ya zo da abin da yake karantawa ya yi minti biyar yana ba da labarinsa. Ga masu farawa na fi son ta biyun, domin babu wanda zai ƙi zuwa don kunyar bai gama ba. Akwai ma wadda ta fi wannan sauƙi: Silent Book Club, da wasu ƙawaye biyu suka fara a San Francisco a 2012, inda ake haɗuwa kowa da littafinsa, a yi kamar awa guda ana karatu shiru, sannan mai son hira ya yi. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma ya dace da mutanen da lokacin karatun ne ma ba su samu.

In a WhatsApp kuke haɗuwa, ku tsayar da rana ɗaya a mako ta tambayar "me ke hannunka?", ku hana turo abin da bai shafi karatu ba, mai son maganar ƙarshen labari kuma ya fara rubuta babin da ya kai a saman saƙonsa. In za a zaɓi littafin bai ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa, kada zaɓin ya zama na mai ƙarfin baki kullum.

Ku ajiye tarihin abin da kuka ba juna. Shafukan masu karatu na intanet irin su Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma Amazon ta saya a 2013, da StoryGraph da ya zo a 2019, duk suna barin ka ga abin da abokanka ke karantawa. Amma taurarin da dubban baƙi suka ba littafi ba za su gaya maka ko zai dace da ƙanwarka ba. Ɗan littafin rubutu ma ya wadatar: suna, wanda ya bayar, wanda aka ba, da jimla ɗaya kan yadda aka ƙare. Bayan shekara za ku ga wanda zaɓinsa ya fi dacewa da wa, wani lokaci abin ya ba ku mamaki. Ranar 23 ga Afrilu, wadda UNESCO ta ware tun 1995 a matsayin ranar littafi ta duniya, ta dace da zaman duba wannan lissafin, kowa ya zo da littafi ɗaya da ya zaɓa wa mutum ɗaya.

Rukuni kan yi sanyi, musamman lokacin da ayyuka suka yi wa mutane yawa. In haka ta faru, kada ka tura dogon saƙon ƙorafi ga kowa da kowa. Nemi mutum ɗaya a gefe, ka gaya masa shafin da kake kai, ka tambaye shi nasa. In ya amsa, ku kwashe mako biyu kuna yi ku biyu kafin ku jawo na uku.